Daga Ringim Zuwa Fas: Yadda Muka Zaga Tsofaffin Biranen Maroko a Jirgin Ƙasa

Mu mutanen ƙasar Ringim ba baƙin jirgin ƙasa ba ne, tunda layin dogon da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru ta wajenmu ya ratsa. Amma sanin kukan jirgi daban, iya karanta tikiti a ƙasar da ba a jin Hausa daban. A farkon Fabrairun 2025, cikin watan Sha'aban, mu huɗu muka tafi Maroko: ni da Baffana da limamin ƙauyenmu da babban ɗansa. Maƙasudin tafiyar ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani ce a Fas, daga nan muka zarce Miknas da Tanja da Rabat da Marakish, duk a jirgin ƙasa, kwana tara, ba ejan ba ɗan rakiya. Tun da muka dawo ake tare ni a masallaci da kasuwa da tambayoyi iri ɗaya, shi ya sa na ga gara in jera abin yadda ya gudana.

Fasfo ne farko, kuma shi ya fi cin lokaci, don haka a fara shi aƙalla wata huɗu kafin tafiya. Ana cike fom a shafin hukumar shige da fice, a ɗora hoto da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru da takardar shaidar ƙaramar hukuma, a biya kuɗi, a zaɓi ranar zuwa ɗaukar hoto da zanen yatsu. Mu 'yan Jigawa Dutse muke zuwa. A ƙarshen 2024 naira 50,000 muka biya na mai shafi 32 da ke shekara biyar, mai shafi 64 na shekara goma kuma 100,000 ne a lokacin. Daga Satumban 2025 an ninka su, sun koma 100,000 da 200,000. Inda muka yi tuntuɓe shi ne sunan Baffa. A lambarsa ta NIN an rubuta Muhammad, yaron shagon kwamfutar da ya cike masa fom kuma ya rubuta Mohammed, ya sa sunan mahaifi a gurbin sunan kaka. Na'ura ba ta san ai mutum ɗaya ba ne. Harafi ɗaya ya saɓa, ko ranar haihuwa ta bambanta, aikin ya tsaya ke nan sai an gyara. Wannan ya ci mana mako uku da zuwa Dutse sau biyu a banza. Duk wanda zai cike a shago, ya riƙe takardar NIN ɗinsa a hannu, ya sa a karanto masa abin da aka buga harafi-harafi kafin a danna biya. Bayan ɗaukar hoto mun jira kusan mako uku kafin fasfunan su fito. A cikin wannan jiran muka yi katin rigakafin cutar shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Ana biya ta intanet, a buga rasit, a kai ofishin lafiya na filin jirgin Malam Aminu Kano tare da fasfo ko lambarsa, a yi allura. Allurar sai ta kwana goma take fara aiki a hukumance, saboda haka ba abin da ake bari sai ana gobe tafiya ba ne. Sau ɗaya ake yin ta a rayuwa.

Sai biza. A nan akwai ruɗanin da ya kusa yaudarar mu: 'yan uwanmu na Damagaram da ke zuwa kasuwar Maigatari sun ce mana su ba sa neman biza, tikiti kawai suke yanka. Gaskiya suka faɗa, amma mai fasfon Nijar ke da wannan damar, mai fasfon Nijeriya dole ya nema. Akwai bizar intanet da Maroko ta fara bayarwa a 2022, wadda mai riƙe da bizar Amurka ko Ingila ko ta Turai mai rai zai iya nema daga ɗakinsa. Mu ba mu da ko ɗaya, sai muka nufi ofishin jakadancinsu a Abuja. Abin da muka haɗa: fasfo da kwafin shafin hoto, hotuna masu farin bango, fom, takardar kama ɗaki a kowane gari da za mu kwana, takardar ajiye kujerar jirgi ta zuwa da dawowa, takardar shaidar sana'a, da bayanin shige da ficen kuɗi na asusun banki na wata shida mai hatimin banki. Wannan na ƙarshen shi ne ciwon kan mutumin ƙauye. Baffa manomin riɗi ne, kuɗinsa a buhu da garke suke, asusunsa kuwa sai ya yi wata biyu ba motsi. In aka zuba miliyoyi rana ɗaya ana saura mako a kai takardu, mai dubawa zai ɗauka aro aka yi. Mu da yake mun ji haka da wuri, tun kakar riɗi duk cinikin da ya yi ta banki aka biya shi. Takardar sana'arsa kuwa ƙungiyar manoman da yake ciki ce ta rubuta masa. Kada a biya kuɗin tikitin jirgin sama gaba ɗaya sai biza ta fito, takardar ajiye kujera ta isa. Mun miƙa takardu da safe, aka karɓi kuɗi aka ba mu rasit, muka koma gida. Kwana goma sha biyu muka yi muna zaman zullumi kafin a kira mu. Da an miƙo fasfo a buɗe shi nan take a duba suna da lambar fasfo da ranakun da aka bayar. Zuwan nan na Abuja ta Kaduna muka bi, muka hau jirgin Rigasa zuwa Idu da gangan, don dattawan su saba da neman tarago da kujera da lamba.

Maganar kuɗi gajeriya ce amma kuskure a cikinta tsada gare shi. Ba mai karɓar naira a Maroko, dirhaminsu kuma ba a samun sa a Wapa. Dala ko yuro ake saya a nan, sababbin takardu marasa yagewa ko rubutu, a canza a can. Lokacinmu dala ɗaya wajen dirhami 10 ce, wato dirhami ɗaya kusan naira 150. Katin bankinmu na naira bai yi mana aiki ba ko sau ɗaya, don haka duk tikitin jirgin ƙasa a taga muka yanke shi da tsabar kuɗi. A sayi adafta tun daga Kano, domin soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga.

Ta Legas muka tashi da asuba, awa huɗu da rabi muka sauka filin jirgin Muhammad na Biyar, a wajen birnin Kasabalanka, wanda su suke kira Darul Baida ko kuma Kaza a taƙaice. A lokacin da muka je agogonsu da namu ɗaya ne, ba ragi ba ƙari, in ban da watan azumi da suke mayar da shi baya da awa ɗaya. Mai tafiya a gab da Ramadan ya riƙe wannan, don jadawalin jirage da sabon lokacin yake tafiya. Jami'in shige da fice ya tambayi inda za mu kwana, muka nuna takardar masaukin Fas, ya buga hatimi ya sa wata lamba a fasfo. Wannan lambar kowane masauki sai ya nema. Mun canza dala ɗari ɗari kawai a filin jirgin don farashin cikin gari ya fi, muka sayi layin waya da fasfo, sannan muka bi alamar jirgin ƙasa. Tashar a ƙarƙashin ginin filin jirgin take, ba sai an fita waje ba, kuma duk mai tare ka yana cewa tasi ka wuce shi. A taga Liman ya yi sallama ya yi Larabcin littafi, mai sayar da tikitin ya gane shi sarai, sai dai amsar da ya mayar da Larabcin gida ce da ake kira Darija, wadda ta sha wa Liman kai. Abin da ya fisshe mu takarda da biro: na rubuta Fès, 4, da lambar 2 ta aji na biyu. Ya ba mu tikiti tun daga filin jirgi har Fas, da canji a tashar Casa Voyageurs ta cikin Kaza.

A nan ya kamata mutum ya tsaya ya koyi kalmomi biyar na Faransanci, don su ne tafiyar baki ɗaya. Départ lokacin tashi, Arrivée lokacin isa, Voiture lambar tarago, Place lambar kujera. Ta biyar, Voie, ita ce lambar layin da jirgin zai tsaya, kuma ba a tikiti take ba, a allon lantarki na tasha take fitowa in lokaci ya matso. Lokaci da lissafin awa 24 ake rubuta shi, 14:35 na nufin biyu da minti talatin da biyar na rana. Hukumar jiragen sunanta ONCF, jiragenta na dogon zango kuma iri biyu ne: Al Atlas, na gama-gari mai bin Marakish, Kaza, Rabat, Kunaitira, Miknas, Fas, da Al Boraq mai tsananin gudu tsakanin Kaza da Tanja. Tikiti na jirgi ɗaya ne a sa'a ɗaya, ba irin motar tasha ba ce da in ta wuce ka shiga ta baya. Babban tarkon kuwa shi ne manyan garuruwan tasha fiye da ɗaya gare su. Kaza kaɗai tana da Oasis da Casa Voyageurs da Casa Port. Jirgin filin jirgi na tsayawa a Oasis, Baffa ya ji an ambaci Kaza a lasifika, ya miƙe ya rungumi jaka. Na ce, "Baffa, a dakata tukuna, tamu ce ta gaba." Ya ce, "Kai ɗan nan, garin ɗaya har sau nawa ake isa cikinsa?" Casa Voyageurs ita ce mahaɗar jiragen nesa, Casa Port kuma ta bakin teku ce kusa da tsohon gari.

Mun sami minti arba'in a Casa Voyageurs, muka yi alwala muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru a masallacin tashar, domin cikin jirgi ba wurin shimfiɗa darduma. Ƙaramar buta ta roba a cikin jaka ta yi mana rana sosai. Ana duba tikiti a ƙofar shiga, a sake dubawa a cikin jirgi, don haka kada a yar da shi sai an fita tashar da aka nufa. Lambar tarago tana jikin ƙofa daga waje. In jirgi ya tsaya ka ga ba ka daidai da taragonka, shiga ta ƙofar da ke gabanka ka taka ta ciki, kada ka tsaya gudu da kaya a waje, tsayuwar ba ta wuce 'yan mintuna. Taragon da muka samu ɗaki-ɗaki ne, aji na biyu mutum takwas a ɗaki, aji na ɗaya shida. Bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba, kuma a tafiyar da ta haura awa uku da dattijo, ni dai na ga aji na ɗaya ya cancanci kuɗinsa. Kaya a kan maratayin saman kai ake ɗorawa, kuma kai za ka ɗaga abinka. Babbar jakar Ghana-must-go da ɗan Liman ya ɗauko ta zame mana alaƙaƙai, ƙaramar akwati mai taya ta fi. Tafiyar ta kusa awa huɗu. Tsakanin Kaza da Rabat teku na leƙowa ta hagu jefi-jefi, bayan Sala a ratsa dajin itatuwan da ake ɓare ɓawonsu a yi murfin kwalba, sai shimfiɗaɗɗen fili na alkama da lemo har Sidi Kasim, daga nan ƙasa ta fara tudu da gangare cike da zaitun. Abin da ya ɗaure wa Baffa kai shi ne ganin ko'ina kore shar a watan da gonakinmu suke ƙurmus. Daminarsu da hunturunsu a haɗe suke zuwa.

Tashar Fas a sabon gari take, tsohon birnin da ake zuwa dominsa yana da 'yar tazara. Ƙananan tasi jajaye ne, doka kuma ta hana su ɗaukar fiye da mutum uku, saboda haka mu huɗu mota biyu muke shiga kullum. A tabbata direba ya kunna mita, da dare kuma ana ƙara rabin kuɗi. Mota ba ta shiga cikin tsohon birni, don haka a tambayi mai masauki ƙofar da ta fi kusa da shi tun kafin a iso. Mai nufin zawiyyar Shehu ya ce a kai shi Rasif, wanda ake rubutawa R'cif, daga nan tafiyar ƙafa ce kaɗan. In aka sauke ka a Bab Bujulud, shuɗiyar ƙofar nan da ake yawan ɗauka a hoto, sai ka gangara birnin kusan gaba ɗaya da kaya. Akwai masu kura a bakin ƙofa, a yi ciniki da su kafin a ɗora jaka. Lungunan sun fi na cikin birnin Kano ƙunci da murɗiya nesa ba kusa ba, taswirar waya ma ruɗewa take. In ka ji an ce "balak" ka manne da bango, alfadari ne ko jaki tafe da kaya. Samari za su yi ta cewa hanyar nan a rufe take, su raka ka. Yawanci ba a rufe take ba, lada suke nema. Mai shago a zaune shi ake tambaya, shi ba inda za shi.

Zawiyyar tana unguwar Balida, ba nisa da masallacin Ƙarawiyyin. An haifi Shehu a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1737, ya zauna a Fas daga 1798, ya rasu a 1815, kabarinsa kuma na cikin zawiyyar. Ba a biyan kuɗin shiga. Lokutan salla suka fi dacewa da zuwa, a riƙe takalmi a leda, a bar ɗaukar hoto sai an nemi izini. A tsara tafiya yadda Juma'a za ta riski mutum a Fas saboda zikirin bayan la'asar, kuma a je da wuri, wurin cika yake da mutanen Senegal da Mali da namu. A ranar yawancin shagunan tsohon birni a rufe suke, sayayya sai Alhamis ko Asabar. Ƙarawiyyin kuwa wata baiwar Allah, Fatima al-Fihriyya, ta gina shi a shekarar 859, kuma har yau ana salla a ciki. Masallatansu akan rufe su tsakanin salloli, kada mutum ya je da hantsi ya ce an hana shi shiga. Abin da ya fi sanyaya wa Liman rai shi ne bayan magariba da asuba jama'a kan zauna su karanta izu ɗaya da murya ɗaya, da ruwayar Warshu irin ta makarantun allonmu, ga mazhabar Malikiyya ɗaya. Mai Ajurumiyya ma da ɗalibanmu ke haddacewa mutumin Fas ne. Dab da masallacin akwai makarantar Attarin ta ƙarni na 14, dirhami 20 muka biya, sassaƙar katako da adon bangonta sun isa a ɓata awa guda. Daga nan wari zai kai ka majemar Shuwara. Ta saman shagunan fata ake kallon ta, a miƙo maka ganyen na'ana'a ka toshe hanci. Suna jiƙa fata a farar ƙasa, su tausasa ta da kashin tattabara, su rina a ramuka jere kamar na marinar Ƙofar Mata. Bakano ya kalla da sanin cewa fatun akuyoyin Kano da Sakkwato da ayari ke ƙetara Sahara da su, Turawa fatar Maroko suke kiran su. A kasuwa a kula da wani abu: tsofaffin 'yan kasuwa da riyal suke lissafi, riyal 20 ne dirhami ɗaya, in aka ce maka 200 wataƙila dirhami 10 ake nufi. A sa mai kaya ya rubuta. Sanyin dare kuma ya fi na hunturun Jigawa, gidajen tsohon birni ba sa ɗumi, daɓen dutse na santsi in an yi ruwa. Rigar sanyi da safa da takalmi rufaffe ba ado ba ne a can.

Ranar Asabar muka yi Miknas muka dawo, minti arba'in ne a jirgi. Ita ma tasha biyu ce: daga Fas ana fara isa babbar, sai Meknès Al Amir, wadda ta fi kusa da tsohon gari. Sarki Maulaya Isma'il, wanda ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727, shi ya mayar da ita babban birninsa, ƙofar Bab Mansur da rumbunan hatsinsa da kabarinsa duk suna nan. Daga Miknas muka yi shatar babbar tasi, irin mai ɗaukar mutum shida, zuwa Walili, kangon birnin Rumawa mai nisan kilomita 30 ko kusa da haka, inda ginshiƙai da daɓen ado suke a fili har yau. Garin Maulaya Idris na kan dutse kusa da shi, nan kabarin Idrisu na Farko yake, wanda shi da ɗansa suka kafa Fas. A yi ciniki da direba a kan zuwa da jira da dawowa, kuma kada a biya sai an dawo.

Tikitin Tanja tun ranar Alhamis muka yanke shi, don farashi hawa yake in rana ta matso, na Lahadi da yamma kuma ƙarewa yake. Takarda biyu aka ba kowa: Al Atlas zuwa Kunaitira, da ake rubutawa Kénitra, sai Al Boraq daga nan. In an ba ka zaɓi, ɗauki canji mai tazarar minti talatin ko fiye, saboda Al Atlas kan ɗan makara, Al Boraq kuwa a kan minti yake tashi kuma ana rufe ƙofar shiga kafin lokacin. An buɗe shi a Nuwamban 2018, shi ne irinsa na farko a Afirka, yana kai kilomita 320 a awa tsakanin Kunaitira da Tanja. Tafiyar Kaza zuwa Tanja da ke cin awa huɗu da minti 45 ta dawo awa biyu da minti goma. Hawa biyu ne, a roƙi kujerar sama don kallo. Minti hamsin muka yi. Da Baffa ya ji sunan daga Buraƙa aka ɗauko shi, sai ya ce wa Liman, "Allah gafarta Malam, ai ko shayin ban gama ba." A Tanja, garin da aka haifi Ibn Battuta a 1304, kwana ɗaya ya ishe mu: daga saman tsohon gari ana hango tsaunukan Sifen a ƙetaren ruwa in sama ta washe. Washegari Al Boraq ya kai mu Rabat cikin awa ɗaya da minti ashirin, amma a Rabat Agdal yake tsayawa, ba Rabat Ville ta tsakiyar gari ba, sai da muka shiga shuɗiyar tasi. Mun ga hasumiyar Hassan, wadda aka fara a 1195 aka bar ta a mita 44 bayan rasuwar Sarki Yakubu al-Mansur, da kabarin Sarki Muhammad na Biyar a gefenta, da ganuwar Udaya a bakin kogi.

Daga Rabat zuwa Marakish kusan awa huɗu ne, a nan kuma layin dogo ya ƙare ta kudu. Mai son wucewa Agadir ko Sawira sai motocin Supratours da ke kusa da tashar. Bayan Sattat kore ya fara ja da baya, ƙasa ta koma ja, har tsaunukan Atlas suka bayyana da ƙanƙara fari fat a kansu. Masu tasin bakin tasha sun ƙi kunna mita, muka taka zuwa babban titi muka tari wata. Kowa dandalin Jami'ul Fana yake fara zuwa, kusa da hasumiyar Kutubiyya mai mita 77. Gardawan macizai da masu birai na nan, kuma ko daga nesa ka ɗaga waya sai sun biyo ka kuɗi. A wurinmu abin zuwa Marakish na wani wajen. Alƙali Iyad mai Ashafa, wanda ya rasu a 1149, a nan yake kwance kusa da ƙofar Bab Ailan, Imam Jazuli mai Dala'ilu shi ma a garin yake kwance. Suna cikin waliyyai bakwai da garin ke alfahari da su, masu tasi kuma sun san wuraren in an ambaci sunayen. Sai kangon fadar Badi ta Sarki Ahmad al-Mansur, wanda rundunarsa ta ƙetare Sahara ta karya daular Songhai a 1591, aka kuma kamo malaman Tumbutu har da Ahmad Baba, wanda ya yi fiye da shekara goma a wannan gari yana karantarwa. Maulaya Isma'il ya kwashe kayan adon fadar ya kai Miknas, yanzu sai bangaye da wasu manyan tsuntsaye dangin shamuwa da suka yi sheƙa a kansu.

Da na haɗa lissafi, duk tikitocin jirgin ƙasa na mutum ɗaya ba su kai dirhami 1,200 ba. Masauki da abinci da tsaraba su ne masu cin kuɗi. Da zan sake tsara tafiyar, abu uku zan canza. Zan yanki duk tikitocin nesa rana ɗaya a tashar Fas da safe lokacin da ba layi, a takarda in rubuta gari da cikakken sunan tasha da rana da sa'a, in kuma roƙi kujeru a ɗaki ɗaya, don sau biyu ana raba mu tarago daban-daban saboda mun makara. Zan bar sayen tsaraba sai garin ƙarshe, domin jallabiyoyi da carbi da takalman da muka saya a Fas sai da muka yi ta hawa da sauka da su a tasha shida, ga shi ba mu sami wurin ajiyar kaya a ko ɗaya ba, masauki ake roƙa ya riƙe. Sannan kowane dattijo zan sa masa takarda a aljihu mai sunan masauki da lambar wayar ɗan tafiya da sunan tashar sauka, da Larabci da boko.

Daren ƙarshe a Kaza muka kwana, muka yi Juma'a a masallacin Hassan na Biyu, wanda aka kammala a 1993, hasumiyarsa mita 210, wani sashensa a kan teku. Mai zuwa salla ba ya biyan komai. Jirginmu na dawowa na dare ne, jirgin ƙasa mai zuwa filin jirgi kuma ba ya kwana yana aiki, don haka tun bayan magariba muka kama shi daga Casa Port. Wanda ya taso kai tsaye daga Marakish ba sai ya shiga cikin gari ba, a Oasis zai sauka ya canza. Ragowar dirhami a mayar da shi dala a filin jirgi kafin a wuce wurin buga hatimin fita, kuma mai canjin ya nemi rasit ɗin canjin farko, wanda Allah ya sa yana cikin fasfon ɗan Liman. Yalo kad ɗin kuma a aljihun gaba ake sa shi ba cikin akwati ba, don a Legas an nema tun kafin mu kai ga kayanmu.